Jawabin Da Anka Yi A Bodinga A Kan Cin Ƙasa Da Abin Da Ka Saura Bayan Ci

Da sunan Allah na fara, gare shi nike neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinai ba shi gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenai da sahabbanai da wanda yab bi su har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamaina, ya ku 'yan'uwana almajirai na Bodinga, da ku da kunka taso daga Shagari da Sifawa da Danchadi. Ni almajiri na, ban shiga makarantar boko ba ko yini ɗaya. Abin da za ni faɗa muku kashi uku na: wani na karanta shi ga littattafan Larabci, wani na ji shi ga dattawanmu, wani kuwa wani yaro da yay yi allo gare ni, daga baya yat tafi jami'ar Ɗanfodiyo, shi yak karanta mani shi daga littafin Turanci, shina juya mani da Hausa bayan lisha, har dare bakwai. Allah ya umurce mu da duban ƙarshen waɗanda sunka gabata. Saboda haka za ni ba ku labarin ƙasa biyu da anka ci da yaƙi, ɗaya nesa ɗaya gida, sa'an nan in ba ku labarin wata tukunya tawa, don ita tat tashe ni tsaye gabanku yau.

Fasali na farko, labarin mutanen nesa

Ku sani, a shekarar 1492, wadda tay yi daidai da 897 ta Hijira, Garnaɗa taf faɗi, ita ta birni na ƙarshe da Musulmi ka riƙo a Andalus. Cikin wannan shekara dai jiragen Isbaniya, wadda 'yan boko ka ce ma Sifen, sunka ƙetare teku sunka isa ƙasashen Amurka. Ba a ɗauki shekara goma ba anka tara littattafan Larabci a dandalin Garnaɗa anka sa musu wuta.

A shekarar 1519, zamanin da Askiya Muhammadu ka sarautar Gawo, Kanta kuwa shina kafa mulkinai a Kabi, wani mutumin Isbaniya da a ka kira Kortes yas sauka gaɓar ƙasar Meziko. Mutanenai wajen 600 na, dawakinsu 16. Ƙasar kuwa tana hannun wata al'umma da a ka ce ma Aztek. Babban birninsu, Tenoctitilan, bisa tsibiri anka gina shi tsakiyar tafki, ana shiga ta hanyoyin da anka cike bisa ruwa. Suna da kasuwa wadda Turawan kansu sunka yi mamakin girmanta, suna da alƙalai da makarantu da masu lissafin kwanaki. Suna da littattafai na ɓawon itace da fatar barewa, ana naɗe su ninki-ninki, rubutunsu zane na da alamomi. Masu bautar gumaka na, har mutane su ka yankawa don gumakansu, kuma suna ɗora ma garuruwan da sunka ci haraji mai nauyi. Ban kawo labarinsu don in yabi addininsu ba. Na kawo shi don mu duba yadda ƙasa ka faɗuwa.

Yaya mutum 600 sunka ci irin wannan daula? Da abu uku. Na farko makami: takobin ƙarfe da bindiga da igwa da doki, waɗanda mutanen ƙasar ba su taɓa gani ba. Na biyu, wanda yaf fi na farko ƙarfi, rarrabuwar 'yan ƙasa. Mutanen Talaskala sun daɗe suna gaba da Aztek, sai sunka bi Kortes da mayaƙa dubbai, har ya zamana mafi yawan rundunar da tac ci birnin 'yan ƙasa na. Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Na uku annoba. Agana ta biyo baƙin a 1520, jikin mutanen bai san ta ba, tak kashe jama'a ba adadi, har da sarkin da yag gaji Moktezuma, wanda bai cika wata uku bisa gado ba. Anka kewaye birnin kusan wata uku, anka yanke musu ruwan sha da abinci. Ran 13 ga Agusta 1521 anka kama sarkinsu na ƙarshe, Kuwautemok, a 1525 anka rataye shi.

To ku saurari abin da yab biyo bayan ci. Anka rushe birnin, anka gina birnin Meziko bisa kufainai. Anka raba ma sojojin Isbaniya garuruwa su riƙa cin gumin mutane, anka kai wasu ramukan azurfa. Annoba tak koma a 1545, tak koma a 1576, har cikin shekara 100 mafi yawan mutanen ƙasar sunka ƙare. Littattafansu kuwa anka ƙone su, abin da yat tsira kaɗan na ƙwarai, kuma mafi yawa shina ajiye a ƙasashen Turai. A 1536 anka buɗe makaranta don 'ya'yan sarakunansu, ana koya musu harshe da haruffan waɗanda sunka ci su. Wani limamin Kirista, Sahagun, yat tara tsofaffin da sunka saura shina tambayarsu, ɗaliban makarantar nan suna rubutawa da harshensu na Nawatal, har anka sami littafi mai juzu'i 12. Littafin nan shina birnin Fulorens na Italiya yanzu. Mutumin Meziko da ka son sanin kakanninai, da yawan abin da za shi sani ta hannun nan za shi same shi. Isbaniya ta riƙe ƙasar shekara 300, sai 1821 tas saki. A 1978 ma'aikatan lantarki suna haƙa cikin birnin sunka ci karo da wani babban dutse sassaƙaƙƙe, daga nan anka tone babban ɗakin bautarsu, dab da cocin da masu ci sunka gina. Har yau mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suna magana da Nawatal. Masarar da mu ka shukawa da barkonon miyarmu daga waɗannan ƙasashe sunka fito, sunan tumatir ma asalinai daga harshensu yat taso.

Fasali na biyu, labarin gida

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Mu ma an ci mu, kuma ƙasar da mu ka zaune bisanta shaida ta.

Wanga wuri da munka taru ba ƙaramin wuri ba na. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 har 1815, Malam Abdullahi ƙanenai ya zauna nan Bodinga. Cikin kwanakin nan Shehu yar raba lura da ƙasa tsakanin Malam Abdullahi da Muhammadu Bello, cikinsu Bello yar rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Malam Abdullahi yar rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. Mutanen nan takobi na hannu ɗaya, alƙalami na ɗaya hannun.

Bayan Sifawa da kamar shekara 90 Nasara sunka zo. Ba su ci ƙasar rana ɗaya ba, ɗai-ɗai sunka bi ta. Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902, Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Kowane sarki yay yi yaƙinai shi kaɗai, ba a taɓa tara rundunar daula wuri guda ba. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902, Attahiru ɗan Ahmadu yah hau gado ba shi da ko wata shida na shiri. Ku mutanen Shagari, a garinku rundunar da taf fito daga Kano tag gamu da wadda taf fito daga Argungu, sa'an nan sunka nufi birni, kun kuwa san inda hanyar Shagari zuwa Sakkwato tab bi. Tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato ita tab ba su masauki a Argungu tun 1902. Ban faɗi wannan don zargin jikokin kowa ba, kowane ɓangare shina da abin da anka yi mashi. Na faɗa don ku ga tsagar bangon nan ita ta dai, a Meziko da nan.

Ran 15 ga Maris 1903, cikin Zulhajji 1320, anka gamu a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Turawan da ke cikin rundunar 'yan talatin na. Sauran sojojin, waɗanda ba su kai 1,000 ba, baƙar fata na, da yawansu da Hausa su ka magana. Suna da igwa da bindiga mai ruwa, namu suna da doki da mashi da baka. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Wasu bayin Allah sunka tsaya gindin tuta ba su gusa ba har anka kashe su. Ran 21 ga wata Gwamna Lugga yan naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba, yag gaya ma manyan gari cewa yadda Fulani sunka sami mulki da yaƙi haka shi ma yas same shi, haraji da ƙasa da naɗin sarauta sun koma hannunai, amma ba za shi taɓa salla da masallaci ba.

Nan jama'a tar rabu biyu, kuma kowane ɓangare malamai na. Sarkin Musulmi Attahiru na farko yac ce hijira ta wajaba, yan nufi gabas, mutane dubbai sunka bar gonakinsu sunka bi shi. Nasara sunka bi sawunai har Burmi, cikin ƙasar Gwambe, inda yay yi shahada ran 27 ga Yuli 1903 tare da mutane ɗaruruwa. Ɗanai Muhammadu Bello Mai Wurno yaw wuce da sauran jama'a har Sudan, garin da sunka kafa bakin Kogin Nilu shina nan da sunan Mai Wurno. Waziri Buhari kuwa yad dubi raunana da mata da yara waɗanda ba su iya tafiya, yan nemi fatawar malamai, yak komo birni yay yi sulhu, don kada a bar Musulmi ba mai tsaya musu. Daga baya yar rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi shina bayanin hujjatai da irin tsoron da yaj ji ga imaninai. Ni ban isa in yi hukunci tsakanin waɗanga bayin Allah ba. Abin da nike so ku riƙe shi na, mun san hujjar kowannensu don sun rubuta, kuma an adana abin da sunka rubuta.

Sai Satiru, wadda ke kudu da Sakkwato kamar mil 14, nan kusa da mu. Talakawa na da bayin da sunka gudo daga iyayengijinsu, sunka taru bisa da'awar Mahadi, tare da wani malami makaho da a ka kira Ɗan Makaho, wanda yaf fito daga ƙasar da Faransa ka riƙo. Ran 14 ga Fabrairu 1906 sunka fāɗa ma sojan Nasara da gatari da fartanya da kibiya, sunka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Ran 10 ga Maris anka komo musu da runduna, har da dakarun Sarkin Musulmi. Anka kashe mutum wajen 2,000, anka kwashe mata da yara, anka rushe garin, anka hana a sake zama wurin. Ɗan Makaho anka kashe shi a Sakkwato. Da'awar Mahadin da sunka yi malamanmu ba su karɓe ta ba, ni ma ban karɓe ta ba. Amma rayuka 2,000 na. Wa zai kawo mani sunan mutum goma daga cikinsu? Mafi yawan abin da a ka karantawa yau a kan Satiru daga rahoton waɗanda sunka rushe ta yaf fito. Halin Satiru ke nan, halin Aztek ke nan: wanda bai bar takarda ba, wanda yak kashe shi ka ba da labarinai.

Fasali na uku, inda munka bambanta da su

Adalci ya wajaba ko ga abokin gaba. Abin da yas same mu bai kai abin da yas sami mutanen Meziko ba. Annoba ba ta share mu ba, ba a rushe masallatanmu ba, an bar alƙalai da sarakuna ko da an rage musu ƙarfi. Mulkin Ingila bisanmu shekara 57 yay yi, daga 1903 zuwa 1960. Ba su tara littattafan Shehu a kasuwa sunka sa musu wuta ba.

Abin da sunka yi ya fi wuta sanyi. Sunka mai da rubutun gwamnati da na makaranta ga haruffan boko. A 1909 Ɗan Hausa yab buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda anka kai 'ya'yan sarakuna da malamai, kamar yadda anka yi a Meziko a 1536. Sannu-sannu aiki da albashi sunka bi boko, har anka wayi gari malamin da yah haddace Alƙur'ani, shina rubuta Larabci da ajami, in anka zo ƙidaya sai a sa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. A 2007 anka cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 anka cire shi daga ta 100, kuma wannan ba Bature yay yi shi ba. Ni ban hana yaro karatun boko, ai ɗan boko yak karanta mani rabin jawabin ga. Abin da nike ƙi shi na yaro shi iya karanta wasiƙar baƙo, shi kasa karanta ta kakanai.

Fasali na huɗu, labarin tukunya

Yanzu in tona ma kaina asiri. A zauren gidanmu akwai wata babbar tukunya da kakana yac cika da takardu, anka rufe bakinta da faifai. Ina da shekara 15 mahaifina yab buɗe ta gabana. Cikinta akwai littattafan fiƙihu da anka kwafa da hannu, da wasiƙu, da takardun gado da na iyakar gona. Akwai kuma warƙa biyu na ajami da kakan mahaifina yar rubuta, shi da yag ga shekarar Nasara da idonai. Ya jera sunayen mutanen unguwarmu da sunka tafi Giginya ba su komo ba, da waɗanda sunka bi Sarkin Musulmi gabas, kowa da sunan ubanai. Na karanta ta sau ɗaya. Mahaifina yac ce in kwafe ta, nac ce sai na sauke.

Na sauke ban kwafa ba. Na yi aure ban kwafa ba. Mahaifina yar rasu, tukunya tak komo hannuna, kullum ina cewa sai rani, in rani ya zo in ce sai bayan azumi. Wata damina anka kwana ana ruwa, bangon zauren yaz zauna bisa tukunyar. Da munka tone, sai munka tarad da gara ta riga ruwa shiga tun da daɗewa. Na sa hannu na ɗebo gari. Abin da nat tsamo mai karantuwa bai cika tafi biyu ba, warƙa biyun nan kuwa ba su ciki. Na zauna na matsa ma kaina in tuna sunayen, uku kaɗai sunka zo mani, na ukun ma ina shakkar sunan ubanai. Mutanen nan sun ba da rayukansu, wani ya rubuta su don kada a mance, takardar ta tsira daga Nasara, ta tsira daga yunwa da ƙaura, ta kai shekara 100 tana jiran alƙalamina. Na Aztek maƙiyi yaƙ ƙone musu. Tawa ni naɓ ɓata ta da sai gobe. Ina roƙon Allah gafara, ina roƙon ku kada wani shi bi sawuna.

Fasali na biyar, abin da nike roƙo

Na farko, kowane mai gida shi koma shi buɗe tukunya da adaka da gafaka cikin makon ga, kada shi jira rani. A fitar da takardu a kakkaɓe su a inuwa, kada a shanya su a rana don tawada da takarda ba su son ta. A ɗauke su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai jiƙa, a naɗe su cikin ƙyalle mai tsabta. Leda tana tara gumi, a bar ta.

Na biyu, a rubuta abin da ke akwai: sunan littafi, da mai shi, da wanda yak kwafa in ya sa sunanai, da adadin warƙoƙi. Kada a raina wasiƙa ko takardar bashi ko ta gado. Littafin fiƙihu in ya ɓace akwai irinai a wani gida, amma wasiƙar kakanka ita kaɗai ta a duniya.

Na uku, a kwafa. Kowane malami shi ba manyan almajirainai warƙa ɗai-ɗai su kwafe da hannu, shi duba musu. Masu wayar hannu su ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye wuri biyu ko uku. Wanda yag ga ba shi iya riƙo, akwai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai jami'ar Ɗanfodiyo, akwai Gidan Arewa a Kaduna, shi nemi shawararsu. Kada a sayar ma mai yawon saye, kada magada su raba littafi ɗaya warƙa-warƙa kamar a na rabon gero.

Na huɗu, a koya ma yara ajami, maza da mata, karatu da rubutu. Yaron da yak kai izu biyar kwana kaɗan ya ishe shi. Nana Asma'u 'yar Shehu da ajami tak karantar da matan ƙauye, ba mu da hujjar barin 'ya'yanmu mata baya.

Na biyar, ku almajirai, ku zauna gaban tsofaffin da sunka saura. Waɗanda sunka ga Giginya da Satiru sun tafi, amma akwai waɗanda sunka ji daga bakinsu. Ku tambaye su, ku rubuta yadda sunka faɗa, da sunan mai faɗi da wanda yaj ji gare shi, kamar yadda malaman hadisi sunka koya muna. Abin da yay yi muna daɗi da wanda bai yi ba, duk a rubuta.

Ni na fara da kaina. Sunaye ukun nan na rubuta su ga warƙa bakwai, na ba 'ya'yana da ƙannena kowa ɗaya. In akwai wanda kakanninai sunka bar mashi irin wagga takarda, daga Bodinga ko Shagari ko wani gari, ina roƙonai don Allah shi same ni bayan an tashi, mu gwama abin da ke hannunmu, ko Allah ya sa in sami sauran.

Abin da nad dace daga Allah na, abin da nak kuskure daga ni na, malamai su gyara mani. Allah shi jiƙan waɗanda sunka kwanta a Giginya da Burmi, shi gafarta ma Musulmin da sunka mutu a Satiru, shi haɗa kawunanmu, shi tsare muna addininmu da takardunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.